Sunan Uwa Ya Fi Saurin Ɓacewa: Darasi Daga Tsofaffin Littattafan Cocin Turai



Kafin ki ci gaba da karatu, ɗan gwada wannan. Faɗi sunan mahaifiyarki na yanka. Faɗi na mahaifiyarta. To, ita kakar taki, wace ce ta haife ta? Ba Inna ba, ba Goggo ba, ba Hajiya Babba ba, sunan da aka raɗa mata ran suna nake nufi. Yawancinmu a nan muke cijewa. Amma in ta wajen maza ne, sai ki ji yaro ɗan firamare ya jero miki uba da kaka da uban kaka babu gargada.

Ba a kanmu aka fara ba. Yau zan kai ki Turai ta shekara 500 zuwa 1,000 da suka wuce, mu ga yadda masu binciken asali suke bin salsalar gidajen sarauta ta cikin takardun coci. Mutanen da za mu yi magana a kansu su ne masu ƙasa da dawaki da marubuta, amma duk da haka sunayen matansu sun yi ta zubewa daga takarda. Ranar da aka zo tantance ƙasusuwan wani sarki kuwa, layin matan nan ne ya fitar da masana kunya.

Babu littafin haihuwa

Mutum zai ɗauka abin mai sauƙi ne: a je cocin garin, a buɗe littafin da aka rubuta haihuwa da aure da mutuwa, a kwafe. To, a wancan zamani babu irin wannan littafi a yawancin garuruwa. A Ingila sai a 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'izar da aka yi a mako. Baftisma ita ce wankan shigar da jariri addininsu, a nan ake ambatar sunansa, kuma a lokacin ba a wuce 'yan kwanaki da haihuwa ake yin ta. Aka ce a ajiye littafin a akwati mai makulli biyu, wanda ya yi sakaci a ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu. Talakawa da yawa ba su so abin ba, sun zaci dabarar sabon haraji ce. A Faransa dokar rubuta baftisma ta fito a 1539, sannan a 1563 babban taron malaman Katolika da aka yi a Trent ya wajabta wa limamansu rubuta aure da baftisma.

Akwai 'yan littattafan da suka riga waɗannan dokoki. Mafi shahara shi ne na wani ƙaramin gari mai suna Givry a Faransa, wanda ya ƙunshi shekarun 1334 zuwa 1357. Shi ma limamin ba don tarihi ya yi ba, lissafin kuɗin da ake biyansa na ɗaurin aure da binne gawa yake yi. Amma ta cikinsa aka ga ɓarnar annobar 1348 ƙuru-ƙuru: garin da ya saba binne kimanin mutum 30 a shekara, sai ga shi ya binne sama da 600 cikin 'yan watanni.

To idan babu littafin haihuwa, daga ina ake samo sunayen?

Takardar kyauta

Hanya ta farko ita ce takardun kyauta. Masu sarautar Turai sun saba yanka gona ko daji ko injin niƙa su ba gidajen 'yan zuhudu, wato mazan da ko matan da suka keɓe kansu don ibada ba sa aure. Abin ya yi kama da waƙafi. Ana rubuta kyautar da Latin a kan jemammiyar fata, kuma mai kyautar yakan ce ya yi ne don ceton ransa da na matarsa da iyayensa. Sau da yawa sai an rubuta cewa matarsa da 'ya'yansa sun amince, don kada wani magaji ya taso gobe ya ce a mayar masa da gonar ubansa. A ƙasa kuma ga jerin shaidu, galibi 'yan'uwa da surukai.

Ki ga ke nan takarda ɗaya ta ba da miji da mata da 'ya'ya da ƙannen miji. Takardar kafa gidan zuhudu na Cluny a Faransa, ta shekarar 910, ta ambaci mai kyautar, William mai mulkin Aquitaine, tare da matarsa Ingelberga. Takardun wannan gida kaɗai da aka tattara aka buga sun haura 5,000. 'Yan zuhudun sun adana su ne domin su ne hujjarsu ta mallakar ƙasa, masu binciken asali kuma suka tsinci dami a kala.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Namiji akan ce wane ɗan wane, mai garin kaza. Mace kuwa sai a ce “da matarsa Matilda”, shi ke nan. 'Yar wa ce? Daga wane gida? Shiru. Ga shi sunayen ba su da yawa: Matilda, Agnes, Alice, Margaret, Isabel, su ake ta maimaitawa, kamar yadda za ki shiga gida ɗaya ki tarar da Fatima huɗu. Mutum ya auri Matilda ta rasu, ya sake auren wata Matilda, bayan shekara 800 mai bincike ya haɗe su ya mai da su mace ɗaya, ya ba ta 'ya'yan kishiyarta. Inda sunan matar ya ɓace gaba ɗaya, a jadawalin asali sai ki ga an sa harafin N kawai a gurbinta. Mace ta yi ciki, ta yi naƙuda, ta haifi magajin gida, abin da ya rage nata harafi ɗaya.

Littafin waɗanda ake yi wa addu'a

Hanya ta biyu ita ce littattafan tunawa. Gidajen zuhudu suna rubuta sunayen masu yi musu alheri, rayayyu da matattu, don a riƙa sa su a addu'a. Na tsibirin Reichenau a kudancin Jamus, wanda aka fara wajen shekarar 824, yana ɗauke da suna sama da 38,000. Na Durham a Ingila an fara shi da ruwan zinariya da azurfa. Abin da ya sa masana ke son waɗannan littattafai shi ne sau da yawa iyali guda sukan zo a rubuta su a jere, da hannu ɗaya da tawada ɗaya. Idan aka ga sunaye goma sun zo tare a nan, aka sake ganin bakwai daga cikinsu tare a wani littafin, an san dangi ne. A irin wannan jeri mata sukan fito da yawa.

Akwai kuma littafin mamata, wanda aka tsara kamar kalanda. Shi rana da wata yake bayarwa, ba ya damuwa da shekara, tunda amfaninsa a san ranar da za a yi wa mamaci addu'a duk shekara. Sai mai bincike ya san wance ta rasu ran 3 ga Maris, amma sai ya koma takardun kyauta ya duba yaushe aka daina ambatonta da rai, yaushe mijin ya bayyana da wata matar, kafin ya kintaci shekarar.

Auren zumunci da izinin Fafaroma

Hanya ta uku za ta ba ki mamaki, domin a nan ne dole ta sa aka kula da dangin uwa. Cocin Katolika ya hana auren dangi, kuma hanin ya yi nisa ƙwarai, har zuriya bakwai. A 1215, a taron Lateran na huɗu ƙarƙashin Fafaroma Innocent na Uku, aka rage zuwa huɗu. Ma'ana, duk wanda kuka haɗa kakan kaka da shi, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ba aure tsakaninku. Taron ya kuma sa a riƙa shelar aure a coci kafin a ɗaura, don mai sanin wata dangantaka ya fito ya faɗa.

Su kuwa masu sarauta junansu suke aure, don ƙasa da mulki su tsaya a gida. Saboda haka sai su rubuta wa Fafaroma su nemi izini na musamman, a faɗi matakin dangantakar ango da amarya. Kwafin waɗannan takardu suna nan a ma'ajiyar Vatican. Sarki Henry na Bakwai na Ingila sai da aka nemo masa irin wannan izini a kan aurensa da Elizabeth ta gidan York a 1486, domin dukansu jinin John na Gaunt ne. Ga mai bincike, takardar da ta ce ango da amarya dangi ne a mataki na huɗu fitila ce. Idan ya bi layin maza bai ga inda suka haɗu ba, ya san mahaɗar tana wajen wata uwa ko kaka da sunan gidansu ya ɓace, sai ya shiga nemanta.

Dokar ta zama kuma ƙofar fita ga wanda aure ya ishe shi, tunda cocin bai yarda da saki ba. Sarki Louis na Bakwai na Faransa ya zauna da Eleanor ta Aquitaine shekara 15, ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, babu namiji. A 1152 manyan limamai suka zauna a Beaugency suka ce ai dama dangi ne, auren bai ɗauru ba. Bayan mako takwas ta auri Henry, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, alhali shi ma danginta ne.

Wa ya tuna ranar?

Rashin littafin haihuwa ya jawo wata al'ada a Ingila. Idan mai riƙe da ƙasar sarki ya mutu ya bar ƙaramin magaji, sarki ne ke riƙon yaron da dukiyar har ya kai shekara 21, mace kuwa 14 ko 16. Ranar karɓar gado sai an tabbatar da shekarun. Sai a tara dattawan yankin, galibi 12, su rantse, kowa ya faɗi dalilin da ya sa ya tuna ranar da aka yi wa yaron baftisma. Wannan ya ce shi ya riƙe kyandir a cocin. Wancan ya ce a ranar ya faɗo daga doki ya karye a ƙafa. Wani ya ce a makon aka haifi 'yarsa, ko aka binne mahaifinsa.

Kin san irin wannan lissafi. Shi ne na “shekarar da aka yi fari” da “watan da aka naɗa sarki”. Yana da daɗin ji, amma masana sun lura cewa a wasu takardun labari iri ɗaya ne ake maimaitawa daga shari'a zuwa shari'a, har ƙafar da ta karye ba ta canzawa. Alama ce ta cewa wani lokaci magatakarda ne ke kwafe tsohon zance don cike takarda.

Ƙarya ma tana da takarda

Ba duk abin da aka rubuta a fata ne gaskiya ba. 'Yan zuhudu da kansu sun ƙirƙiri takardun kyauta na jabu don kare gonakinsu. Iyalai kuma suna son asali mai tsawo. A Ingila kowane babban gida yana so a ce kakansa yana cikin mayaƙan da suka zo da William a yaƙin Hastings na 1066, har aka sami wani dogon jerin sunaye da ake jingina wa gidan zuhudu na Battle. Da masana suka tace, waɗanda hujja ta tabbatar sun halarci yaƙin kimanin 20 ne kacal. Shi ya sa ƙa'idar masu wannan aiki ita ce: kowace gaɓa, daga uba zuwa ɗa ko daga uwa zuwa 'ya, sai an kawo takardar da aka rubuta a zamanin mutanen. Gaɓa ɗaya ta tsinke, duk abin da ke samanta ya zama tatsuniya.

Sarkin da aka tono a wurin ajiye motoci

Yanzu ga inda layin mata ya yi rana. An kashe Sarki Richard na Uku a yaƙin Bosworth ran 22 ga Agusta, 1485, yana da shekara 32. Aka binne shi a gurguje a cocin wasu 'yan zuhudu a Leicester, garin da masu kallon ƙwallo a gidanki suka sani. A 1538 aka rufe gidan, daga baya aka rushe shi, kabarin ya ɓace. A 2012 masu tono suka haƙa wani wurin ajiye motoci a inda cocin yake a da, suka sami ƙasusuwan namiji mai lanƙwasasshen ƙashin baya, da raunuka 11, tara daga ciki a ka.

Kama ta yi kama, amma ana bukatar hujja. A jikin kowannenmu akwai wani ɓangare na ƙwayoyin halitta, wato DNA, da ake kira na mitokondiriya. Daga uwa kaɗai ake gadonsa. Uwa tana ba 'ya'yanta maza da mata, amma mata ne kawai ke miƙa shi gaba. Wanda ke jikinki na mahaifiyarki ne, na kakarki ne, na waccan da kika kasa tuna sunanta ne, kuma kusan bai canza ba. Don haka abin da ake nema shi ne wani mai rai da ya fito daga mahaifiyar Richard ta hanyar mata zalla.

Richard yana da yaya mai suna Anne ta York. Ta rasu a Janairun 1476 sanadin haihuwa, jaririyar ta rayu, aka sa mata Anne St Leger. Kabarinsu yana cocin St George a Windsor, inda aka binne Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ta kan wannan jaririya da ba ta san uwarta ba layin ya bi. Wani masanin tarihi, John Ashdown-Hill, ya bi shi daga 'ya zuwa 'ya, aikin da ya fi bin maza wuya nesa ba kusa ba, domin kowace zuriya sunan gida yana canzawa da aure. Da wasiyyoyi, da rubutun kan kaburbura, da littattafan baftisma da aure na coci, aka sauko fiye da zuriya 15 har zuwa wani iyali a Kanada. Aka gwada wani ɗan gidan, aka gwada wata mata daga wani reshen na layin, duka suka dace da ƙasusuwan. Ran 4 ga Fabrairu, 2013, Jami'ar Leicester ta sanar cewa Richard ne. A Maris 2015 aka sake binne shi a babban cocin garin.

An gwada layin maza ma. Aka sami maza biyar da takarda ta nuna kakansu na sama ɗaya ne da Richard ta wajen uba. Ko ɗaya bai dace ba. Wato a wani wuri cikin ɗaruruwan shekarun nan, uban da ke takarda ba shi ne uban jini ba, kuma gwajin ba ya nuna a wace gaɓa ce. Layin da aka fi kashe wa tawada ya tsinke, wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi ya riƙe.

Wata uwar kuma ta wancan zamani ba ta bar abin a hannun limamai ba. Margaret Beaufort ta haifi Henry na Bakwai ran 28 ga Janairu, 1457, tana da shekara 13, haihuwar da ba ta sake yin wata ba bayanta. A gefen kalandar littafin addu'arta an rubuta ranakun haihuwa da rasuwa na gidanta, har da na jikokinta. Littafin yana Landan har yau, masana tarihi suna dogaro da shi. Hukuma kuwa ta daɗe ba ta waiwayi uwa ba: a Ingila da Wales sai a watan Mayun 2021 aka fara sa sunan uwa a takardar aure, da na uba kaɗai ake rubutawa.

Mu fa?

A wannan fanni magabatanmu sun yi abin a yaba. Littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci yakan kawo sunan sarki ya kawo na mahaifiyarsa, ta haka muka san Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Muhammadu Rumfa. Amma a gidajenmu alkunya da girmamawa sun sa ana ɓoye sunan babba, har ya bi mai shi kabari.

A wajen aikina na jinya nake ganin kuɗin da ake biya. Mace ta zo awon ciki, a tambaye ta: mahaifiyarki ko yayarki ta taɓa yin jijjigar masu ciki? Akwai tagwaye a danginku na uwa? Akwai hawan jini, ciwon suga, sikila, ciwon dajin mama? Me ya yi ajalin kakarki? Amsar da ta fi yawa ita ce “wallahi ban sani ba, an dai ce wajen haihuwa ne.” Tambayoyin nan ba na cike kati ba ne. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi jijjiga ta fi shiga haɗarin yi, kuma idan mun sani tun farko, sa idon da za mu yi mata daban ne. A gidan da ake auren zumunci kuma, sanin inda aka haɗu da cutar da ke bin dangi yana da muhimmanci, tare da gwajin jini kafin aure: idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila.

Ga abin da nake roƙonki a wannan mako. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Je wurin mace mafi tsufa a danginku, ko ki kira ta, ki naɗi muryarta a waya da izininta. Tambayi sunan yanka na kowace uwa da kaka, da laƙabinta, da garinsu, da sunan iyayenta biyu. Rubuta 'ya'yan kowace mace a ƙarƙashin sunanta, musamman a gidan da ke da kishiyoyi, har da waɗanda suka rasu suna jarirai da abin da aka ce ya same su. Sa rana da wata da shekara, kada ki yi irin na littafin mamata. Abin da aka tabbatar ki rubuta shi daban, wanda “an ce” ne ki rubuta wa ya ce. Ɗauki hoton shafukan ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, domin waya tana ɓata, gara tana cin takarda. Yaran da ba su da takardar haihuwa kuma a karɓo musu, a Najeriya daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a Nijar daga ofishin magajin gari, ki duba da idonki an rubuta sunanki daidai.

Zuriya nawa kika iya lissafowa ta wajen uwa? Ki faɗa mana adadin a wurin sharhi, ba sai kin sa sunayen ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.